Ummu Mai Hoto da Hannun Iyatu

Katanga ce kawai ta raba gidanmu da na Malam Abdussalam a Bukkuyum, kuma gajeriyar katanga ce. Shi ya sa kusan duk abin da zan faɗa a kan matarsa Ummukulsum da idona na gani. Abin da ya faru kafin a kawo ta garinmu kuwa, ita ta ba ni labarinsa da bakinta.

'Yar Gummi ce. Mahaifinta, Malam Shitu, shi ne mai shagon hoto na kusa da tasha tun zamanin da ake sa fim a kyamara. Yana da wani labule mai zanen gidan bene da furanni, da kujera mai jan kushin. Duk wanda ya girma a Gummi a wancan lokaci akwai hotonsa a gaban labulen nan, ya ƙame kamar an dasa shi. Ba laifin mutane ba ne. Malam Shitu ba ya danna kyamara sai ya daka tsawa ya ce, "Kada a motsa!" Ko jariri ne sai ya faɗa masa.

'Ya'yansa maza babu wanda ya kula sana'ar. Murtala, babbansu, mota ya bi. Ummu ce take maƙale a shagon in an taso daga makaranta, tana goge gilasai, tana yanke gefen hotuna da almakashi. Da kyamarori marasa fim suka shigo, Malam Shitu ya sayi guda, amma a lokacin idonsa ya fara rauni, ƙananan rubutun jikinta ba ya ganinsu. Ummu take karanta masa, shi kuma yana gaya mata abin da haske yake yi wa fuskar mutum da safe da abin da yake yi mata da yamma. Ranar da za a kai ta gidan miji, ana shirya kwanuka da tukwane, ya naɗo kyamarar a cikin rawaninsa ya sa a tsakiyar kayan.

Ya ce, "Tahi da ita. Ni yanzu in na leƙa ciki hazo kaɗai nika gani."

Malam Abdussalam malamin firamare ne, mutum mai sanyin magana, dariyarsa ta fi maganarsa yawa. Bai hana ta ba. Ya ce in dai taron mata ne a cikin gida, ta je. Da ma abin da muka rasa ke nan a garin. Mai hoto namiji iyakarsa zaure, sai a lulluɓo amarya a kawo masa, ya ɗauki hoton mayafi ya tafi. Hoton waya kuma in an wanke sai ka ga fuska kamar an shafa mata toka. Ummu kuwa har ƙuryar ɗaki take shiga. Kafin damina ta zagayo, babu mai ce mata matar Malam, kowa Ummu mai hoto.

Ta iya aikinta. Za ta gyara wa amarya zaman ɗankwali, ta juya ta wajen taga, ta sa ta dariya, sannan ta danna. In ana rawa kuma ta kunna filas, wannan fitilar da take walƙiya a saman kyamara, ta tsayar da kowa cak. Har zaren leshi za ka ƙirga a hotonta.

Sai ta haɗu da Iyatu.

Iyatu makaɗiyar ƙwarya ce daga Gwashi, ita ce kuma zabiyar ƙungiyarsu, tana ba da waƙa mata suna amsawa. Ta manyanta, amma a ƙasar Bukkuyum in an yi wunin biki babu ita, mata sukan ce an dai ci abinci. Gajeriya ce, baƙa, hannunta kullum da lalle, yatsunta cike da zobban azurfa. In ta kifa babbar ƙwaryarta a kan tsumma ta fara, ba ka ganin yatsun, sai dai ka ji zobban suna magana.

A bikin Zulaihat, ɗiyar Hajiya Ladidi mai sayar da atamfofi, Ummu ta fara ɗaukar ta. Hoton ya fito tas, har gumin da ke goshin Iyatu ana gani. Ummu ta ji daɗinsa ƙwarai, ta sa aka wanke shi babba don ta yi mata kyauta. Ranar da aka koma gidan Hajiya Ladidi ganin hotuna ina wurin, Iyatu ma ta zo. Ummu ta durƙusa ta miƙa mata da hannu biyu.

Iyatu ta nisanta hoton da idonta, ta matso da shi, ta sake nisantawa.

Ta ce, "Ɗiyata, wace ta wagga?"

"Ke ce mana, Inna."

"Ni? To mi nika yi nan?"

"Kiɗa kike yi."

Iyatu ta girgiza kai. "A'a. Wagga mata ƙuda taka kora. Ko ko rantsuwa taka yi gaban alƙali. Ku duba hannu, tsaye sama kamar an shanya shi."

Mata suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Aka riƙa miƙa hoton hannu zuwa hannu, kowa ta duba ta ce wallahi haka ne. Ni ma da ya iso gare ni sai na ga gaskiyarta. Ga Iyatu, ga ƙwarya, ga hannu a sama, baki a buɗe, amma babu abin da zai gaya maka akwai sauti a wurin.

Iyatu ta dafa kafaɗar Ummu. Ta ce, "Kada ki ji haushi, hoto ya yi kyau, har na ga haƙorina na Makka. Amma ni tun da nih hwara taɓa ƙwarya hannuna bai taɓa tsayawa ba. In jikokina sunka ga wanga bayan raina, ba su sanin mi kakarsu ta iya."

Ummu ta yi dariya tare da kowa, muka kamo hanyar gida. Da muka iso ƙofarsu sai ta ce mini, "Yaya, matar nan ta gaya mini gaskiya. Na kama ta, amma na bar kiɗan a waje."

Da ta je Gummi ganin gida, ta kai wa mahaifinta maganar. Ta ce ta same shi a tsakar gida a kan buzu, Innarta tana fifita wutar murhu. Ta kwashe labari ta gaya masa, ta ce so take hannun ya fito yana gudu, fuska kuma ta fito sosai. Malam Shitu ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ya ce, "Ikon Allah. Abin da niy yi rayuwata ina hwaɗa da shi, shi kika zo nema? Mu da, in hannu ya yi haka, cewa muka yi hoto ya ɓaci, mu yaga."

"To Baba, tunda ka san yadda ake kauce masa, ai ka san inda yake."

Ya ce wannan gaskiya ne. Ya karɓi kyamarar yana shafa ta da yatsa, ya yi mata bayani. Kyamara ido gare ta, kuma ƙiftawa take yi. In ta ƙifta da sauri, komai gudun abu za ta same shi a wuri guda, ya fito a tsaye. In aka jinkirta mata ƙiftawar, duk abin da ya motsa kafin idon ya rufe zai bar sawunsa a hoton, abin da bai motsa ba kuma ya fito yadda yake. Ya ce ta kashe filas, don shi ne babban mai daskarar da mutane. Ta nemi inuwa, don in ido ya daɗe a buɗe cikin rana haske zai cika shi, hoto ya yi fari fat.

Ya ce, "Wuyar guda ta. Ke ba ki motsawa. Da, mutane nika hana ma motsi, yanzu ke za ki hana ma kanki. Ki manne guiwar hannu ga haƙarƙari, ki riƙe numfashi."

A kan Innarta suka fara gwadawa, tana fifita wuta. Malam Shitu ba ya ganin abin da ya fito, sai Ummu ta gaya masa, shi kuma ya ce ƙara ko rage. Innar tata ta gaji ta ce su bar ta ta yi tuwonta, an sa ta tana fifita wutar da ta riga ta kama.

Da Ummu ta dawo Bukkuyum, mu ta sa a gaba, ni da Khairat ƙanwar maigidana. Ta ce lugude take so mu yi mata, wato mu biyu a turmi guda, taɓarya na sauka taɓarya na tashi, muna wurgawa sama muna tafawa. Muka ja turmi ƙarƙashin darbejiya muka zuba gero.

Hotunan farko abin tsoro ne. A wani, Khairat ba ta da kai. A wani, mun narke mu duka mun zama hayaƙi mai launin atamfa, turmi kaɗai ya rage a tsaye. A wani kuma taɓaren sun ɓace gaba ɗaya, sai mu biyu muna duƙa wa turmi kamar muna gaishe shi. Mukan ajiye daka mu taru a kan ɗan gilashin bayan kyamara mu yi ta dariya har hawaye. Khairat ta ce in aka nuna wa mai neman aurenta wannan, ya fasa.

Ummu ba ta gaji ba. In ta jinkirta da yawa, komai ya ɓace. In ta gaggauta, taɓarya ta tsaya a sama kamar hannun Iyatu. Tsakanin nan take lalube. Kullum da hantsi sai ta leƙo ta ce, "Yaya, akwai daka yau?" Muka daka geron da ya fi ƙarfin gidanmu. Fura kuwa a makon nan har maƙwabtan maƙwabta sun sha, maigidana yana tambaya ko sadaka muka ɗauka ba a gaya masa ba.

Wata safiya ta danna, ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta miƙo mana. Ga fuskata sosai, ina cije leɓe. Ga turmi. Taɓaryar kuwa ta zama wani farin zane daga sama har cikin turmin, kana gani ka san saukowa take yi da ƙarfi. Khairat ta ce, "Wallahi har na ji dum."

Bayan an gama girbin gero aka sa bikin jikar Iyatu a Gwashi, kuma ita da kanta za ta yi kiɗan wuni. Yanzu sha'anin biki a wajenmu da rana ake yin sa, saboda hanya, kowa yana so ya koma gida da sauran haske. Muka tashi da sassafe a mota, ni da Ummu da wasu mata, kyamarar tana cikin jaka a ƙarƙashin hijabinta.

Gidan ya cika maƙil. An shimfiɗa wa makaɗa tabarma a bakin rumfa, rabi inuwa rabi rana. Ummu ta je ta durƙusa ta gaida Iyatu, ta roƙe ta a ja tabarmar can ciki.

Iyatu ta ce, "Yau kuma wace rantsuwa za ki sa ni?"

"Inna, ki dai yi kiɗanki. Ki manta da ni."

Aka ja tabarma. Ummu ta samo wani ƙaramin turmi ta kifa a gabansu, ta zauna a ƙasa dirshan da sabon leshinta, ta kafa guiwar hannu a kan turmin. Iyatu ta kifa babbar ƙwarya. A gefenta wata ta kifa tata a cikin kwano mai ruwa tana bugawa da 'yan sanduna, sauran suna riƙe da ƙanana. Aka fara.

Ina tsaye bayan Ummu, ina ganin duk abin da take ɗauka. Hannun yana fitowa yadda take so, amma fuskar ta ƙi. Iyatu ba ta waƙa da baki kaɗai. Kai yana juyawa, kafaɗa tana rawa, tana nuna wannan da haɓa tana harar waccan. Duk hoton da aka ɗauka sai ta fito da fuska biyu ko uku. Gumi ya jiƙe wa Ummu ɗankwali. Mata masu rawa suna ta gittawa, wata ma ta taka mata zane. Na duƙa na ce ko ta haƙura ta kunna filas, kada a tashi ba ta samu komai ba. Ta girgiza kai ba ta ko dube ni ba.

Can sai ta sauke kyamarar daga idonta gaba ɗaya, ta zauna tana kallon Iyatu kawai, tana saurare. Ta daɗe a haka. Ashe wani abu ta lura da shi. In waƙa ta kai ƙarshen baiti, Iyatu takan saki amshi ga mata, ta rufe baki, ta kafa ido a wuri guda, wuyanta ya tsaya kyam. A wannan ɗan taƙin duk jikinta yakan koma cikin hannu.

Da aka fito da amarya, kiɗa ya canza, guɗa ta tashi ta ko'ina. Iyatu ta ga jikarta a lulluɓe ana riƙe da ita, ta ja baiti mai tsawo, ta sake shi. Ta kafa wa yarinyar ido. Na ga kafaɗun Ummu sun tsaya, ta daina numfashi. Ta danna, ta sake dannawa. Sannan ta kife kyamarar a cinyarta, ta ɗago ta dube ni, bakinta har kunne.

Na ce, "Mu gani."

Ta ce, "Sai an wanke."

Ta miƙe ta kunna filas ta shiga ɗaukar amarya da ƙawayenta kamar yadda ta saba. Har rawa ta taka a ranar, abin da ban taɓa ganin ta yi a wurin aiki ba.

A Gummi ake wanke mata hotuna. Mai wankin ya bugo mata waya ya ce akwai guda da ya lalace, hannun matar ya baje, ko ya tsallake shi? Ta ce wannan ɗin shi za a yi babba, a sa masa firem.

Ranar kasuwar Bukkuyum Iyatu ta shigo gari sayen lalle, Ummu ta aika aka kira ta. Na zagayo don kada a ba ni labari. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa. Sannan Ummu ta shiga ɗaki ta fito da hoton ta jingina shi da bango.

Ga Iyatu zaune, fuskarta tas, idon nan yana ƙyalli, bakin a rufe da ɗan murmushi a gefe. Ƙwaryar ma tas, har ɗinkin da aka yi wa tsaguwarta ana gani. Hannuwan kuwa babu yatsa ko guda da za ka nuna. Na dama ya bazu ƙasa-ƙasa a kan ƙwaryar, ja-ja saboda lalle. Na hagu ya tashi sama kamar fiffike, zobban sun ja wasu siraran layuka farare a cikin iska.

Iyatu ta ƙura wa hoton ido. Ummu ta dube ni, na dube ta. Har na fara tunanin abin da zan faɗa don in rage wa Ummu kunya. Sai na ga yatsun Iyatu suna motsi a kan guiwarta, a hankali, sannan da sauri.

Ta ce, "Wanga kiɗan hito da amarya na."

Ummu ta ce, "Inna, ya aka yi kika sani?"

"Ba ga shi ba? Dama na ƙasa tana riƙe da gindi, hagu na sama tana yanka. Babu inda nika yin haka sai in amarya ta hito." Ta matsa kusa, ta kai yatsa kamar za ta taɓa gilashin, ta fasa. "Ashe haka nike. Ni ban taɓa ganin kaina ina yi ba, ɗiyata. Ji kawai nika yi."

Ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta dafe hanci ta rangaɗa guɗar da sai da kajin gidan suka watse. Ta waiga ta ga ƙwaryar da Ummu take tankaɗe a ciki, ta juye garin a faranti, ta kifa ta. Kafin a ce haka, Khairat ta shigo da gudu, matan layinmu suka biyo ta, wata da ludayi a hannu, wata da goyo. Rawa ta kaure da tsakar rana babu biki babu suna. Malam Abdussalam ya taso daga makaranta ya yi ta sallama a zaure babu mai jin sa. Daga baya ya ce da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya zauna a kan buhun gero yana kaɗa ƙafa har aka gama.

Daga nan kuma sai abin ya hau kan Ummu. Komai ta gani so take ya yi gudu. Da Zulaihat ta haihu aka yi suna a gidan Hajiya Ladidi, Ummu ta ɗauki rawar mata kusan duka a haka. Zannuwa suka zama guguwar launi, ja da shuɗi da ruwan ƙwai. Ita dai sun burge ta. Hajiya Ladidi ta juya hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta tsuke baki.

Ta ce, "Ummu, ina nike?"

"Ga ki nan Hajiya, wannan shuɗin."

"Wanga shuɗin? Leshin da niz zaɓa tun daga Gusau, mai duwatsu, shi na kika maida hayaƙi? Wa zai san na sa shi? Ni ba makaɗiya ba ce. Huskata nika so, da kayana."

Ga shi kuma ba a maimaita suna. Hajiya Ladidi ce da kanta ta kawo mafita. Ta ce to ai kayan suna nan, ƙafafu ma suna nan. Ta aika wa ƙawayenta cewa ranar Asabar kowa ta sake sa ankonta ta zo. Aka dafa shinkafa, aka kira Iyatu, aka sake rawa sabuwa fil don hoto kawai. Mata suka ce wannan ta fi ta ranar suna daɗi, don babu baƙin da za a yi wa hidima. Ummu ta tsayar da kowa cak a tsakiyar juyi, duwatsun leshin Hajiya suna walƙiya ɗaya-ɗaya. Tun daga ranar, kafin ta ɗaga kyamara sai ta tambayi mai sha'ani abin da take so ta gani.

Labarin hoton Iyatu ya kai har Anka, wurin wani makaɗin kalangu da ake kira Ɗantani, wanda yake yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa. Shi da Iyatu sun daɗe da sanin juna, suna wasa irin na abokan sana'a, kowa yana cewa kiɗan ɗan'uwansa hayaniya ce. Ya zo Bukkuyum takanas, ya yi sallama da Malam Abdussalam, ya ce shi ma a yi masa irin na tsohuwar nan. Malam ya shiga ya yi shawara da matarsa, suka yarda a yi a ƙofar gida, ita tana daga bakin zaure, Malam yana tsaye.

Ɗantani ya rataya kalangu a inuwar bango ya fara. Masu wucewa suka tsaya, 'yan acaɓa suka kashe babura. Ummu ta ɗauka yadda ta yi wa Iyatu, ta ba Malam kyamarar ya kai masa ya gani.

Ɗantani ya duba ya ɓata rai. Ya ce, "Malam, gaya ma uwargida an sace man makaɗi." Yana nufin lanƙwasasshen sandan da yake bugawa da shi. "Ni ba yawan bugu a gwanintata ba. Wuri guda nika nema, in same shi daidai, in matse tsarkiya kalangu ya yi magana. Nan nika so a kama."

Ummu ta ce daga zaure, "To Baba, fito cikin rana."

Ya fito. Ta mayar da ƙiftawar kyamara can ƙarshen sauri. Wannan ma ya ba ta wuya, don sai ta danna kafin bugun ya sauka, in ta jira ta ji shi ya riga ya wuce. Ta yi ta kuskurewa har ta kama tafiyar kiɗan a jikinta. Wanda ya fito a ƙarshe, bakin makaɗin yana kan fata daidai, fatar ta ɗan lotsa, damtsen Ɗantani ya matse tsarkiya, wato igiyoyin jikin kalangun, ɗigon gumi ya bar haɓarsa yana rataye a iska. Ɗantani ya ɗaga kyamarar sama yana nuna wa jama'a, sai da Malam ya bi shi yana cewa a hankali.

Har yau ba a raba gardamar ba. Kwanan baya aka gayyaci Ummu wani biki a Anka, na raka ta. Muka shiga bas da hantsi, Iyatu da matanta suna baya da ƙorensu, sai ga Ɗantani a kujerar gaba, ya zo wani sha'ani zai koma gida. Tun kafin mota ta tashi suka fara. Ya ce hotonta kamar an zubar da kunu. Ta ce nasa kamar gunki ya rungumi turmi. Ya ce a nasa ana ganin gwaninta. Ta ce a nata ana jin ta. Suka juyo kan Ummu ta yanke hukunci, ta ja hijabi ta rufe baki tana dariya, ta ce ita duka biyun 'ya'yanta ne.

Ɗantani ya ce to direba ya faɗa. Ya ciro wayarsa ya nuna masa nasa, aka miƙo na Iyatu daga baya a wayar Ummu. Direban ya duba wannan ya duba wancan, ya ce shi bai taɓa jin kiɗan ko ɗayansu ba, don haka ba zai iya cewa ba.

Iyatu ta ce, "Ba ka taɓa ji ba? Miƙo man ƙwaryar nan."

Ɗantani ya riga ya jawo kalangunsa daga ƙarƙashin kujera. Haka muka shiga Anka, gaba na bugawa baya na amsawa, fasinjoji suna tafi, direba yana roƙon a bar shi ya ji ƙarar injinsa.